Abin da Muka Baro a Tunis Cikin Sanyi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tun da muka dawo, duk wanda ya kawo ɗinki shagona a kasuwar Belbeji sai ya zauna bisa benci ya ce, "Tela, wai ya Tunis take?" In ba shi labarin teku, in ba shi labarin jirgi, ya tafi yana murna, ni kuwa in wuni cikin damuwa, don na san na tsallake ainihin maganar. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in rubuta zancen asibiti in yi kuskure wani ya dogara da shi. Kuma zancen ba nawa ne ni kaɗai ba. Sai da mai shi ya yarda na zauna rubutu. Inda na kuskure a gyara mini.

Mai zancen ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san dalili. Tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa ƙauyenmu cikin kwarin Tarka a ƙasar Damargu, can ya tashi tsakanin awaki da gonar gero, bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Mutane suna ce masa Ɗan Tsohuwa, ita kuma tana ce masa Maigida. Ni da shi sai gaisuwa. In ina son ya kawo ruwa, sai in ce, "A kawo ruwa," shi kuma ya kawo ya ajiye ya fita. Haka muka iske iyayenmu suna yi, ban taɓa ganin aibunsa ba.

Yana da shekara ashirin wani ƙullutu ya fito masa a wuya. Ba ya ciwo, shi ya sa aka yi sakaci. Sai rama, sai zufa ta jiƙe masa riga ko da sanyi. Muka je Tanut, aka tura mu Damagaram, aka tura mu Yamai, a can aka yanki ɗan nama aka duba aka ce kansa ce, irin wadda ke kama kaluluwa. Lokotoron, wato likita, ya ce irin wannan tana jin magani in an kama ta da wuri. Yayana da ke aiki Agadas shi ya dage a kai shi Tunis, dangi suka haɗa hannu. Aka ce ni zan raka shi, don ni kaɗai ke jin Faransanci a gidan. Ban yi tunanin abin da wannan zai jawo ba.

Mun koma gida shiri. Inna ta haɗa mana garin gero, da cuku, da kilishi, ta dubi jikanta ta ce, "Maigida, in ka auro Balarabiya can kada ka dawo mini." Ya ce, "Ke kin tsufa, ai dole in sake." Aka yi dariya. Ni kaɗai na ga ta juya baya tana goge ido da bakin zane.

Daga Damagaram muka hau kar, babbar motar fasinja, mai zuwa Yamai. Hanya ce da ba ta ƙarewa: Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogondutse, Doso. Ni ban ga komai ba sai wuyan yaron, ina satar kallonsa ko ƙullutun ya ƙaru tun safe. Wani mai fataucin albasa da ke kusa da mu ya ga ina ta shafa ƙirjina, ya ce, "Malam, zuciya ce?" Na ce a'a. Ba zuciya ba ce, fasfo ne. Saboda tsoron ɓarayi na yi wa rigata aljihu daga ciki, na sa fasfo ɗinmu biyu, na ɗinke bakin da zare mai ƙarfi, ɗinki biyu, irin wanda nake yi wa jakar raƙumi.

A filin jirgin Yamai na ga sakamakon wayona. Ɗan sanda ya miƙo hannu ya ce, "Fasfo." Na ja, na ja, ɗinki ya ƙi. Almakashina kuwa yana cikin akwati, akwati ya riga ya wuce. Mutane sun yi layi bayana suna tsaki. Ɗan sandan ya ce, "Wane mugun tela ne ya yi maka wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Sai da wata mata ta ba ni allurar ɗankwalinta na warware zaren ɗaya bayan ɗaya. Na ji yaron yana dariya ƙasa-ƙasa, ya juya kai don kada in gani. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon.

Jirgi kuwa, Allah mai iko! Gida guda ne cike da mutane, ya yi gudu ya rabu da ƙasa kamar ba nauyi. Na karanta duk addu'ar da na sani, na sake daga farko don ina shakkar na tsallake wata. Da na leƙa taga na ga hamada shimfiɗe kamar tabarma, na tuna kakanninmu da ke ratsa ta da raƙuma wata da watanni, mu kuwa muna ratsa ta zaune ana ba mu shayi.

Ma'aikacin duwan, wato kwastan, na Tunis ya buɗe jakarmu ya ciro cuku. Ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa shi bisa tebur, ya tambaye ni ko fata ce. Na ce nono ne. Ya kira abokinsa, suka shinshina, suka yi ta magana da Larabci. Na ga kamar ƙarshen tafiyarmu ke nan. Sai ya ɓalli kaɗan ya sa a baki, ya tauna ya tauna, ya ce, "Haƙoranku suna da ƙarfi," ya mayar mana.

Masaukinmu wani dogon gida ne kusa da asibitin, duk masu jinya ne daga ƙasashe daban-daban. Akwai wani ɗan ɗaki da ake shiga a danna ya hau da kai sama. Ban yarda da shi ba, na riƙa bin matakala, amma yaron ya ƙaunace shi. Mutanen Tunis suna da kirki, sai dai gaisuwarsu gajera ce. Kafin ka kai ga "ina gajiya" mutum ya wuce. Burodi suke ci safe da rana da maraice, za ka ga babban mutum da kwat ya rungumo burodi a titi ba ya jin kunya. Suna da wani jan barkono da suke kwaɓawa da man zaitun, ranar farko na ɗauka tumatir ne na cika cokali. Kyanwoyi ko'ina, masu ƙiba, ba mai korarsu. Ranar da muka ga teku yaron ya daɗe tsaye, sannan ya ce, ba da ni yake ba, "Duk wannan, kuma dabba ba ta sha?"

A masaukin na haɗu da Hajiya Falmata, Babarbariya daga wajen Gure, ta kawo ƴarta mai shekara goma sha bakwai. Da ta ji muna Hausa ta ce, "Kai, mutanen Damargu, kun zo da gero ko kun bar shi gida yana kuka?" Ita ta nuna mini kasuwa da masallaci.

Lokotoron da ta karɓe mu mace ce, ƴar siririya, mai furfura kaɗan. Bayan gwaje-gwaje ta zaunar da mu. Ta ce maganin sunansa shimiyo, ta jijiya ake sa shi kamar ƙarin ruwa, sau da yawa, cikin watanni. Gashi zai zube, za a yi amai. Duk na fassara wa yaron, ina kallon bango. Sai ta gyara zama ta ce akwai sauran magana, kuma wannan tasa ce shi kansa.

Ga abin da na fahimta. Maganin yana farautar duk abin da ke saurin haɓaka a jiki, shi ya sa yake kashe ciwon. Amma ba ya bambancewa, yakan taɓa wurin da jikin namiji ke yin ruwan haihuwa. Wani in ya gama magani abin yakan dawo bayan shekara ɗaya ko biyu ko fiye. Wani ba ya dawowa. Ya danganta da irin maganin da yawansa, kuma ba mai iya rantsewa tun farko. Ta ce ƙarfin namiji daban, haihuwa daban, mutum zai iya zama lafiya lau da iyalinsa amma ba rabo. Don haka kafin a fara, suna iya karɓar ruwan su daskarar da shi su adana shekaru. In an riga an sa maganin farko, lokacin ya wuce. Kuma ciwon ba zai jira ba, jibi za a fara.

Ta dube ni tana jira. Yaron ma yana jira. Yaya zan dubi ɗan fari, wanda ko sunansa ban taɓa kira ba, in yi masa wannan zance? Na ce, "Ta ce akwai wani gwaji."

Lokotoron ba ta jin Hausa amma tana jin tsawon magana. Ta ce, "Malam, na yi magana mai tsawo, kai ka faɗi kalma biyar." Na ce al'adarmu ce, na yi ƙoƙarin bayyana mata kunyar ɗan fari. Ta saurara sosai, ba ta yi dariya ba. Ta ce nan ma iyaye da yawa suna jin nauyin zancen. "Amma shi babba ne," in ji ta. "Ba zan karɓi e ko a'a daga bakinka ba. Sai ya ji duka, ya zaɓa da kansa. Gobe da safe nake son amsa."

Na fito kamar an ɗora mini buhu. Na iske Hajiya Falmata tana yankan albasa a madafar masauki, na gaya mata cikin kwana-kwana, na roƙe ta ko za ta faɗa masa. Ta ajiye wuƙa.

"Tela, ni na ji abin da lokotoro ta ce? Kai ka ji. In na ƙara ko na rage fa?" Sai ta rage murya. "Ka ga ƴata? An fara mata magani tun kafin mu zo nan, cikin gaggawa, don a ceci ranta. Ba wanda ya yi zancen haihuwa, ni ma ban san ana tambaya ba. Sai nan aka ce mana mata ma ana iya adana musu ƙwai, amma nasu yana ɗaukar kwanaki da allurai, kuma kafin a fara ake yi. Yanzu al'adarta ta ɗauke. Sun ce mai yiwuwa ta dawo tunda yarinya ce, mai yiwuwa kuma a'a. Kullum sai ta tambaye ni. Ni da na samu wanda zai gaya mini, ko a tsakiyar kasuwa ne zan tsaya in ji. Kai an ba ka a hannu kana kunya!"

Na tafi masallaci la'asar. Bayan salla na tsaya wurin liman, na tambaye shi da ɗan Faransancina ko wannan abu ya halatta. Ya ce malamai da yawa sun yarda saboda lalura, muddin ba za a yi amfani da shi ba sai tsakanin mai shi da matarsa ta aure, yana raye. Na sa ya maimaita don in tabbata.

A kan matakala dabara ta zo mini. Ni auta ne wurin Inna. Tsakanina da ita ba wannan kunya, tun ina yaro abin da ke bakina nake gaya mata. Ita kuma da jikanta wasa suke yi, ba abin da ba ta iya ce masa. Sai in gaya mata, ita ta gaya masa. Matsalar ita ce ba ta da salula, sai ta maƙwabcinta, kuma rezo, wato sabis na waya, a ƙauyenmu sai an hau tudu. Na kira, na kira. Can Allah ya taimaka ya ɗauka, ya ce in jira ya kai mata.

Na shiga ɗaki. Yaron yana kwance ya juya fuska ga bango. Na zauna bakin gadona, na ba shi baya.

"Auta, kai ne? Ya jikin Maigida?"

"Da sauƙi, Inna. Ki saurara, akwai saƙon da za ki ba shi."

Na fara. Na gaya mata yadda maganin yake, da abin da yake iya taɓawa. Na kai daidai wurin adanawa sai na ji ƙit. Na dubi salula. Rezo ya tafi.

Na san ba zan sake samunsu ba kafin safe. Sai na mayar da ita kunnena na ci gaba. "To Inna, kamar yadda nake gaya miki..." Na faɗi duka. Na kira abin da sunansa, maniyyi, ban ɓoye ba. Na ce zai shiga wani ɗaki shi kaɗai, ba mai ganinsa. Na ce ba lallai ne a buƙace shi ba, mai yiwuwa jikinsa ya dawo da kansa. Na ce adanawar ma ba alkawari ba ce, haihuwa ta Allah ce. Na faɗi abin da liman ya ce. Na ce in ya ƙi ba wanda zai yi fushi. Har ina cewa "na'am, Inna" lokaci-lokaci kamar ana amsa mini.

Na gama. Sai na ji motsin gado. Hannu ya zo ta gefen kafaɗata, a buɗe. Na sa masa salular. Fuskarta baƙa ƙirin, makaho ma ya san a yanke take. Ya kara ta a kunne, ya koma ya juya wa bango.

"Tsohuwa, kina ji na? Ki tambayar mini Baba, in an adana, ba za a haɗa da na wani ba?"

Ya miƙo. Na karɓa. "Inna, ki ce masa ban sani ba, amma gobe zan tambaya a gabansa, kuma duk abin da aka ce zan faɗa yadda aka faɗa."

Na miƙa. Ya sake kara ta a kunne. "Tsohuwa, ki ce masa akwai wata a Ollelewa. Ƴar mai awon gero. Na ce mata in na warke. Ba na so in je mata hannu wofi." Sai ya ƙara da cewa, "Ki ce masa ina so a adana. Ki ce masa kuma na gode."

Ban taɓa sanin akwai wata ba. Na karɓi salular na riƙe. Can na ce, "Inna, ki ce masa na ji." Muka zauna haka, baya da baya, har aka kira magariba.

Da safe na fassara kowace kalma, lokotoron tana duban bakina. Ya yi tambayarsa, ta amsa, ya ce e da kansa. Aka kai mu wani sashe. Na zauna waje ina jan carbi. Da aka gama, ma'aikacin wurin, ganin irin tambayoyin da na dame shi da su, ya ce mu zo mu gani ta bayan gilashi.

Jama'a, na ga jirgi, na ga teku, amma ban ga abin da ya girgiza ni kamar wannan ɗaki ba. Wasu tuluna ne na ƙarfe, kamar randa. Ya buɗe ɗaya, sai farin hayaƙi ya malalo ƙasa maimakon ya tashi sama. Ya ce ba wuta ba ce, sanyi ne, wanda in yatsa ya shiga ba zai ƙara amfani ba. A ciki akwai ƴan siraran tsinkaye kamar karan shan lemo, kowane da sunan mai shi da lambarsa. Ya ce a cikin wannan sanyi komai yana tsayawa cik, bai mutu ba, bai tsufa ba, sai ranar da aka zo nema. Na tuna zangarniyar da Inna ke warewa kowace kaka ta rataye, ko yunwa ta kai ina ba a taɓa ta, don ta shuka ce. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Na roƙi ma'aikacin ya nuna mini sunan ɗana. Na karanta harafi bayan harafi don in tabbata ba kuskure. Yaron yana tsaye gefena, sai daga baya na lura a fili na karanta.

Washegari aka fara shimiyo. Ba zan ɓoye ba, ya sha wuya. Gashi ya zube har gira, abinci ya ƙi zama, kunun garin geron Inna ne kawai ke shiga. Na ɗinka masa hula da hannu. Bayan watanni aka ce ciwon ya ja da baya, mu koma gida, a riƙa duba shi a Yamai. Hajiya Falmata ta raka mu bakin ƙofa, ƴarta ta ce a gaida Damargu. Har yau ina sa yarinyar nan a addu'a.

Da muka isa ƙauye Inna ta shafa kan jikanta ta ce, "Wa ya aske mini miji?" Sannan ta juyo gare ni. "Auta, ran nan ka ce akwai saƙo, sai abin ya mutu. Mene ne saƙon?" Yaron ya riga ni. Ya ce, "Ai kin isar, Tsohuwa."

Yanzu gashi ya fito, ya koma ga awakinsa. Ko jikinsa ya dawo ta wancan fannin, ba mu sani ba tukuna, an ce sai an jima a gwada. Zancen Ollelewa yana nan, an kai gaisuwa.

Ga roƙona ga masu karatu. In akwai wanda ya san wurin da ake irin wannan adanawa a ƙasarmu, ko Kano, ko wani wuri da mota ke zuwa, na maza ko na mata, ya taimaka ya sanar, don ba kowa ne zai kai Tunis ba. In akwai wanda ya taɓa komawa ya karɓi nasa, ina son in ji yadda ake yi, don abin yana hana ni sukuni. Malamanmu kuma su faɗa mana abin da suka sani, na ji daga liman ɗaya ne kawai. Wanda duk za a fara wa ɗansa ko ƴarsa wannan magani, ya tambayi lokotoro zancen haihuwa kafin allurar farko, ko da amsar ita ce ba hali. A aiko da bayani shagon tela na kasuwar Belbeji, kowa ya san shi.

In kuna mamakin yadda na samu izinin rubuta wannan, ranar kasuwar da ta wuce ya shigo shago ya zauna bayana. Na ɗauki salula, ban danna komai ba, na ce, "Inna, ki tambaye shi ko in rubuta." Ya miƙo hannu ya karɓa. Ya ce, "Tsohuwa, ki ce masa ya rubuta. Amma wannan karon kada ya rage ko kalma ɗaya."